Charshambe, Mai Jiƙa Kaburburan Marasa Gata

Haihuwa da asali

An haifi Charshambe ɗan Pindok a shekarar 1938 Miladiyya, a unguwar Lyari ta birnin Karachi, a ƙarshen mulkin Turawan Ingila. Mahaifinsa ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa, mahaifiyarsa Mahganj kuwa wankau ce a gidajen hafsoshin Turawa, inda aka amince ta taɓa tufafinsu amma ba a amince ta sha ruwa da kofinsu ba. Dukansu Shidi ne, zuri'ar baƙar fatar da aka sauke a wannan gaɓa tun kakannin kakanni. Mai ba da wannan tarihi, Murad Bakhsh, katanga ɗaya ta raba shi da Charshambe, kuma shi ne babba. Murad bai taɓa riƙe alƙalami ba, amma ya ga bayan kwalara, ya ga bayan kurkuku, harsashi ya shiga cinyarsa ya fita da kunya, saboda haka abin da ya faɗa ya zauna.

Karatu

A shekarar 1945 aka sa shi makarantar unguwa, inda malamin ya keɓe wa 'ya'yan Shidi mazauni a bakin ƙofa, wajen da ake tuɓe takalma. Bai cika shekara ba ya daina zuwa, ya shaida wa mahaifinsa cewa ya haddace takalman ajin gaba ɗaya, ilimin ya ishe shi haka. Ba a mayar da shi ba.

Aiki

A shekarar 1953 ya samu aikin ban ruwa a wata maƙabarta ta sojojin Turawa da ke wajen gari, wadda kuɗin hidimarta ke zuwa daga ƙetare. Can akwai katanga, akwai famfo, akwai ciyawa shar, kuma kowane kabari da dutsensa da furensa, alhali mafi yawan mamatan babu wanda ya taɓa ziyartarsu. Shekara goma sha shida yana jan tiyo a tsakaninsu, da yamma ya koma Lyari ya bi layin famfo da garwa. Idan Bature ya zo ziyara, sai a umarce shi ya koma bayan ɗakin kayan aiki, sai fa in baƙon yana son hoto. Wata Baturiya ta taɓa tambayarsa yaushe ya zo daga Afirka. Ya ce a faɗa mata kakansa ya riga kakanta isowa, tafintan ya ƙi fassarawa.

Aure

Ya auri Durnaz 'yar Ganj Bakhsh a shekarar 1963, bayan wani gida na masu hasken fata ya mayar masa da kayan tambaya, aka ce ba a son jikoki masu gashi kamar ƙwayar masoro. Allah Ya azurta su da 'ya'ya shida.

Farkon hidima

A shekarar 1968 wani matuƙin jirgin ruwa mai suna Hamisi, mutumin Mombasa, ya faɗo daga saman jirgi ya rasu a tasha. A makon nan wani injiniya Bature ya mutu a otel, aka sa shi a ƙanƙara, aka yi masa akwati, jirgin sama ya kai shi gida. Hamisi kuwa aka rufa masa buhu a rana, jirginsa ya ɗaga, sannan wani ɗan sanda ya aiko Lyari cikin izgili cewa Shidi su zo su kwashi ɗan'uwansu. Charshambe ya karɓi maganar yadda aka faɗe ta. Shi da mai wannan bayani, wanda a lokacin yake ɗaukar buhu biyu a kafaɗa ɗaya, suka yi masa wanka da sutura, suka rufe shi a gefen babbar maƙabartar unguwa, daura da juji.

Da shekara ta zagayo ya koma ziyara, ya tarar da sabon mamaci a wurin. Shugaban masu haƙa, wani mai suna Gulzar, bai ɓoye masa komai ba: ƙasa ta yi kaɗan, mutuwa ba ta hutu, kuma al'adar wurin ita ce duk ranar Alhamis dangi su yayyafa wa kabarin nasu ruwa. Kabarin da aka gani a jiƙe yana da mai shi. Wanda ya bushe ya tsage, na mai haƙa ne, ya buɗe ya sayar.

“To daga yau duk wanda aka kawo gefen nan yana da mai shi,” in ji Charshambe.

Gulzar ya ce, “Kai Shidi, uwarka ce ta haife su duka?”

“Ita ce. Ba ka ga kamar ba?”

A wannan shekara ya ajiye aikin Turawa, ya sayi jaki da amalanke, yana tallar ruwa a unguwa, ranar Alhamis kuma ya kai tankinsa maƙabarta a cike.

Shekarun ɗawainiya

Bayan yaƙin 1971 da ya raba ƙasar biyu, Bangalawa, mutanen ɓangaren da ya ɓalle, waɗanda suka maƙale a Karachi, suka wayi gari ba su da ƙasa, aka tura su bakin fadama suna ɓarar jatan lande. Bayansu mutanen Burma suka zo, sannan 'yan Afirka da ke mutuwa a gidan yari babu mai neman gawarsu. Duk wanda maƙabartun dangi suka ƙi, gefen juji ake kai shi, har wurin ya zama layi-layi, jama'a suka sa masa suna layin Charshambe.

Bai samu yabo daga nasa ba. Dattawan Shidi sun tunatar da shi cewa Bangalawan nan ma, in rai ya ɓaci, da baƙin bawa suke zaginsa, ya ce ya sani, amma bai taɓa jin matacce ya yi zagi ba. Durnaz ta yi yaji sau da dama a kan ruwa, tana cewa yaranta na kwana da ƙura a ka, shi yana can yana wanke 'yan Burma da suka riga suka huta. Duk da haka ita ce ke wanke gawar matan da ba su da kowa, har rasuwarta a shekarar 1997. Wani Bangali mai suna Motaleb, wanda aka rufe matarsa a layin, ya riƙa gyara masa ƙafar amalanke kyauta, suna aikin suna tsokanar juna a kan wanda ya fi wani baƙi, har tsufa bai raba gardamar ba.

Tsufa

Daga shekarar 2008 rikicin 'yan daba ya cinye Lyari, famfuna suka ƙafe, ruwa ya koma hannun masu bindiga. A shekarar 2012 harsashi ya kashe ɗansa Dad Rahim a layin ruwa, wanda shi kaɗai ne cikin 'ya'yan ke raka shi maƙabarta. Jakinsa na ƙarshe ya mutu a shekarar da ta biyo baya. Ya koma ɗaukar jarka a ka, yana ɗiga wa kowane kabari abin da bai wuce cikin tafi ba, don dai mai haƙa ya ga alamar danshi. Ya taɓa gaya wa mai wannan bayani cewa ya bi ta maƙabartar Turawa a mota, ya hango ciyawar tana nan shar, tiyo na zuba babu kowa a kusa.

A shekarar 2014 shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi. Layin ya bushe, 'ya'yan Gulzar da suka gaji sana'ar suka shiga buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Duk Alhamis yakan tambaya ko an kai ruwa, a ce masa an kai, ya kawar da kai bango.

Rasuwa da jana'iza

Allah Ya yi masa rasuwa ranar Asabar a watan Sha'aban na shekarar 1437 Hijiriyya, daidai da 2016, yana da shekara saba'in da takwas. An sallace shi bayan La'asar, sahun Bangalawa da mutanen Burma ya fi na danginsa tsawo. 'Ya'yansa sun nemi wuri kusa da mahaifiyarsu ba a samu ba, masu haƙa suka ce busasshen wuri ɗaya ya rage, a layinsa. Aka buɗe, aka tattara ƙasusuwan wani bawan Allah gefe, wanda babu mai tuna ko Bangali ne ko ɗan Afirka, domin wanda ya san sunayen shi ne a cikin likkafani. Aka kwantar da su tare.

Ya bar 'ya'ya biyar: Pindok, direba a Maskat, Lal Bakhsh, ɗan dako a tasha, Gohar da Zarbibi, suna aure a Lyari, da Sharatun, ungozoma a Malir, da jikoki masu yawa. Mai wannan bayani, wanda ya binne sa'o'insa kaf kuma har gobe da haƙoransa yake cin nama, ƙafa ta hana shi zuwa. Matar ɗan Motaleb ce ke zuwa ranar Alhamis da gorar ruwa guda, ta jiƙa kabarin Charshambe, ragowar ta raba wa na dama da na hagu. Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan wanda suke kwance tare.