Hedimastan da Bai Yarda da Tsallaken Aji Ba

In kun yi karatu a makarantar nan ta bayan tashar mota, to kun san Hedimasta, kun kuma san abu guda da bai taɓa yi ba cikin shekara talatin da huɗu da ya yi yana riƙe da alli: bai taɓa barin yaro ya tsallake aji ba. Ko da yaron zai karance allo idonsa a rufe, sai ya zauna shekararsa ta cika. Malamai sun roƙa, iyaye sun zo da mutanen da yake jin nauyinsu, amsarsa ba ta canzawa: "Da aji uku ba shi da amfani, da ba a gina shi ba."

Ya yi ritaya, halin nan kuwa bai yi ba. Jarida daga shafin farko yake kamawa, har tallan katifa sai ya karanta. Ran da aka sayo fanka, gida ya wuni cikin zufa, saboda bai gama littafin bayaninta ba.

'Yarsa ɗaya ce, sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa yake kiranta Uwata. Injiniya ce a jirgin ruwan dakon kaya. Takan yi wata takwas a teku, ta dawo ta yi mako biyu, kuma hirarta da shi ba ta wuce "Ina kwana, Baba" da "Ya hanya?" Da uwarta ake shan dariya a kicin. In ya shigo neman ruwa sai dariyar ta tsaya, kamar yadda aji yakan yi tsit in an ji takunsa. Abin yana ci masa rai, amma bai taɓa faɗa ba.

A wannan zuwan ta kawo masa kwamfuta, ta ajiye a kan teburin da ya saba duba takardun jarrabawa.

"Baba, a jirgi waya ba ta riƙe magana, tsinkewa take yi. Amma akwai wani wasa, na kafa gari da noma da yaƙi da maƙwabta. Kowa taku ɗaya yake yi a rana, shi yana wucewa ko layin ba ƙarfi. Mu huɗu ne, ɗaya ya fita. Ina so ka hau kujerarsa. Kullum zan ga abin da ka yi, ka ga nawa, har saƙo ana rubutawa a gefe."

Daɗi ya kama shi, har ya rasa inda zai sa hannunsa, sai ya gyara tabarau. Ya duba allon ya ga an rubuta lamba shida.

"Wannan shidan fa?"

"Na shida ne a jerin wasan. Sun daɗe suna fitar da shi."

"Ina na ɗaya?"

Matarsa, da ke ninke wanki a kujera, ta ɗago kai ta ce, "Shi ke nan, an shiga uku."

"Baba, ba labari ba ne da za ka ce ka rasa farkonsa. Kowanne zaman kansa yake yi. Na shida shi ne mai sauƙin koyo, kuma shi kaɗai muke bugawa. Na ɗaya ya girme ni. Ba a ma buga shi da mutane, kai da na'ura ne kawai."

"To da ita zan fara."

"Ranar Juma'a ƙarfe huɗu ake buɗe sabon zagaye. In aka buɗe ba kowa a kujerar, an rufe ke nan sai bayan wata takwas."

"Juma'a da sauran kwana tara," in ji shi. "Na taɓa gama manhajar zango guda cikin mako uku."

Washegari ya rungumi kwamfutar ya nufi shagon mai gyara da ke ƙarƙashin bene. Mai gyaran tsohon ɗalibinsa ne, yanzu har furfura ta fara masa. Da ya ji buƙatar sai ya sosa ƙeya.

"Malam, wallahi na huɗu ya fi kyau in tsoho kake so. Masu gemu duk shi suke yabo. Na biyar kuma..."

"Na tambaye ka ra'ayi? Kai da ka maimaita aji biyar!"

"Kai ka sa ni, Malam."

"Ga shi ya yi maka amfani. Sa min na ɗaya."

Sai da aka yi awa uku kafin tsohon wasan ya yarda ya tashi. Da ya tashi, sojoji kamar ƙwayar wake, rubutu kamar tururuwa ta bi ta kan tawada. Hedimasta ya sayi littafi mai layi, ya ja masa jadawali, ya shiga rubuta darasi. Ya kafa gari, 'yan fashi suka ƙone shi. Ya sake kafawa, yunwa ta cinye. Ya daka wa teburi duka har kofin shayi ya yi tsalle.

"Wane marar tarbiyya ne ya tsara wannan abu? An gaya maka ana kai wa mutum hari bai gama gina rumbu ba?"

Kwana ya yi ta tafiya. Uwata takan tsaya a bakin ƙofa ta dube shi, ta wuce. Ran Laraba ya kai shafi na arba'in a littafinsa, bai ci na'ura ko sau ɗaya ba, kuma fushinsa ya bi kowa: mai gyara, masu wasan, matarsa da ta goge teburi ta motsa masa linzamin kwamfuta.

Juma'a da rana, akwatinta yana tsakiyar falo a buɗe, don da safe za ta tafi. Ƙarfe uku da rabi ta shigo ta tsaya a kansa.

"Baba, saura rabin awa."

"Ku jira ni zagaye na gaba. Kafin ki dawo na kai na uku."

"Na uku!" Muryarta ta tashi yadda bai taɓa ji ba. "Ni ba gwani na ce ina nema ba. Ka shigo ka yi ta faɗuwa, ina ruwana? So nake in buɗe da safe in ga ka taɓa wani abu, in san kana nan!"

"Kada ki ɗaga min murya a gidana. Abin da ba shi da tushe..."

"Tushe! Haka ka ce ina aji huɗu. Mu uku aka zaɓa a ɗaga mu. Iyayen waɗancan biyun suka cire su suka kai wata makaranta, aka ɗaga su. Ni na zauna shekara guda ina kallon taga, ina maimaita abin da na riga na sani, ba ƙawa ko ɗaya. Na yi kuka a ofishinka, ka ce in fita in ƙwanƙwasa kafin in shigo."

"Ya hana ki zama injiniya?"

"Ya hana ni zuwa wurinka da magana. Shekara ashirin da biyu ke nan. Yanzu na ƙwanƙwasa, Baba, ka ce in jira ka gama aji ɗaya."

Ta juya kan akwatinta, ta shiga cusa kaya ba ninki. Matarsa ta zo ta ɗauke kofin shayinsa, ta ajiye agogon tebur a wurin, fuskar agogon tana kallonsa. Huɗu saura kwata.

Ransa ya ɓaci iyakar ɓaci. Yarinyar da ya koya wa riƙe fensir! Ya nemi amsar da zai ba ta, irin wadda yake rufe bakin iyaye da ita. Abin da ya zo masa shi ne ƙofar ofishin nan mai launin kore, da ɗan ƙaramin ƙwanƙwasan da ya jira ranar, wanda ba a yi ba. A lokacin ya ɗauka ta haƙura ne.

Ya rufe littafin mai layi da ƙarfi.

"Ke! Zo ki cire min wannan shirmen. Ina shidan naku?"

Ta zo, ba ta dube shi ba, ta danna nan ta danna can. Allo ya cika da koguna da duwatsu. Sai wani akwati ya fito yana tambaya: za ka bi darasin koyo na minti arba'in, ko za ka tsallake? Ta miƙa hannu, ya buge shi.

"Minti arba'in kacal, shi ma ba za a bari mutum..."

"Saura minti huɗu, Malam," in ji matarsa.

Ya hura hanci. Ya dubi agogo, ya dubi akwatin da ke falo. Ya kama linzamin kamar kunnen yaro mai laifi, ya danna tsallake da kansa.

"Wannan shuɗin ni ce," Uwata ta ce, muryarta ba ta gama saukowa ba. "Ga ka nan a gefena. Kada ka kafa gari a cikin fadama."

"Ni za ki koya wa inda ake kafa gari?"

A cikin fadamar ya kafa shi.