Ruwan Kaskon Gwadabe

Gwadabe maƙeri ne a Indabo, kuma sa'ana ne. Lokacin da aka kai ni makarantar mishan, inda daga baya na koyi aikin duba jini da majina, shi yana gindin zuga-zugin ubansa. Shekara hamsin ya yi yana ƙera garma da lauje, kuma duk ƙarfen da ya fito wuta jajur, a kasko ɗaya yake tsoma shi. Ruwan kaskon baƙi ne, yana warin tsatsa. Masu jego da masu ƙarancin jini kan zo da kwalabe, ya ɗiba musu kyauta. Ni ma na sha ina yaro.

Wata Juma'a, bara waccan, ya kai kaya kasuwar shanu ta Wudil. Ana ɗora wani bijimi a tirela sai ya tsinke igiya. Ya ɗauki Gwadabe a ƙaho, ya maka shi da jikin motar, ya bi ta kansa. Haƙarƙari huɗu suka karye, ɗaya ya huda huhu. Da labari ya same ni na isa kasuwar, jini na fita ta hancinsa yana kumfa.

A wani asibiti a Kano aka huda masa maƙogwaro aka sa bututu, inji na yi masa numfashi. Kwana shida yana samun sauƙi. A na bakwai zazzaɓi ya taso, majinar da ake zuƙowa ta koma kore shar, mai yauƙi.

Radiyya, nas ɗin da ke kula da shi, ita ta kama ƙanensa Garzali da rana tsaka yana ɗura masa wani abu a baki da cokali. Ta fizge kwalbar.

"Baba, me kake ba shi?"

"Ruwan maƙerarmu ne. Ba ku kuka ce jininsa ya zube ba? Me ya fi ƙarfe ƙara jini?"

"Mutumin da ba ya iya haɗiya? Ai huhu yake tafiya!"

"Ke 'yar yaushe? Da ruwan nan aka yaye ubanki!"

Ya kwaɗa mata mari har ta faɗa kan gadon. Masu gadi biyu suka rufe shi da kulki, suka fasa masa goshi, suka ja shi a ƙasa har bakin ƙofa yana kiran sunan wansa.

Likita ta ji na taɓa aikin asibiti, sai ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Akwai ƙwayar cutar da ke zaune a asibiti, a famfo da bututu, kuma ƙarfe abincinta ne. Shi ya sa jiki in ya kamu da ciwo yake ɓoye ƙarfensa, don yunwa ta karya ta. In ta samu ƙarfe, sai ta liƙe a bangon huhu, ta hayayyafa, su lulluɓe kansu da yauƙi kamar gansakuka a cikin randa. Daga nan allura ba ta ratsa su. Likitar ta ce ba za ta rantse ruwan ne kaɗai ba, amma kwana uku ana ɗura wa huhu datti da tsatsa.

Kwana uku. Na lissafa. Ranar da muka taho duba shi da Garzali a mota ke nan. Na ga kwalbar a jakarsa, na gane launinta, na ma yi murmushi don ta tuna mini yarinta. Ban ce komai ba.

Aka sauya allura sau biyu. Gwadabe ya cika ranar kwanansa na goma sha ɗaya, bayan azahar.

Da aka dawo daga maƙabarta, Garzali ya wuce maƙera da ɗinki a goshi. Ya ɗauki masabar wansa ya yi ta sauke ta a kan kaskon har ya zama tsingaro, ruwan ya malale cikin toka. Saudatu, matar Gwadabe, tana kuka daga cikin gida, ba wanda ya riƙe shi. Da ya gaji ya juyo ya dube ni.

"Malam, kai da ka yi boko, da ka gani ai da ka hana ni ko?"

Na ce masa, "Na gani, Garzali."