Rakiyar Yaya Zuwa Gazawa

Mun tashi da asuba daga Gidan Rumji, ni da babbar yayata, a bayan wata kamiyo, babbar motar kaya, mai ɗauke da fatu. Bana fatu sun fi hatsi araha, don shanu na ta faɗuwa. Damina ta wuce ba ta jiƙa komai ba, gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe.

Ciwon daji ne a nonon Yaya. Bara an kai ta babban birni, aka yi ta ɗura mata magani ta jijiya, kumburin ya saɓe har ta koma daka. Yanzu ya dawo. Niyyarmu mu ga likita a Maradi, in ya ce a koma birni mu koma.

A Maradi likitan ya duba ta, ya koma ya zauna. Yaya ta ce, "Ɗana, faɗi. Mi ya hana maganin ci, alhali da ya ci?"

Ya ce shi wannan ciwo tarin ƙananan ƙwayoyi ne, kowace da fatarta. A jikin fatar akwai wasu sinadarai masu aiki kamar famfo, magani na shiga su kwaso shi su turo waje kafin ya taɓa komai. Maganin bara ya kashe masu ƙarancin famfon, masu yawansa suka tsira suka hayayyafa. Ko an sauya magani, sau da yawa haka za su turo shi.

Yaya ta yi dariya har da tari. "Ashe har ciwo ya iya korar baƙo."

Da muka fito ta ce ba ta komawa birni. Gazawa za ta, wurin ɗiyarta. Na buɗe baki, ta ce, "Auta, kai dai ɗauko min tabarmata."

Muka hau motar Gazawa. Daga Cadawa hanya ta miƙe, rana ta take. Can gaba kwalta na ƙyalli kamar tafki, muna matsowa yana ja da baya. Yaya ta jingina da kafaɗata tana lumshe ido, tana kiran sunayen gonakin da ta taɓa yi wa roron wake. Ban san ko barci take ba. Muka wuce ayarin makiyaya sun nufi kudu, ƙorai a kan jakai, shanun da suka rage suna tafe a hankali kamar a cikin ruwa.

A tashar Agye na tambayi kuɗin tiyar gero, mai awo ya faɗa, na ce masa ba raƙumi na zo saye ba. Muka ci kwaɗon tafasa da garin rogo. Yaya ta ci loma kaɗan, ta ce ya fi abincin asibiti.

La'asar sakaliya muka isa Gazawa. Ɗiyarta ta fito da gudu da jaririya a hannu, wadda Yaya ba ta taɓa gani ba. Ta karɓe ta ta ɗora a ɓangaren da ba ya ciwo, ta yi ta shinshinar kanta.

Ni kaɗai na komo gida. Na fita da nufin nemo mata magani, ashe rakiya ce aikina, kuma ita ta fi ni sanin inda za ta. Matata ta tarye ni a zaure tana leƙen bayana. Na ce mata, "Tana can. Na baro ta tana yi wa jikarta wasa."