Shuɗi a Ƙaramin Yatsa

Tun ina da cikin ɗiyata ta fari, ba haihuwar ce ke hana ni sukuni ba, ƙafafu ne. Sauran mata a layin awo suna hirar kayan jarirai da sunan da za a raɗa, ni kuwa in abin cikin ya motsa sai in yi tsit in saurara: da ƙafa ɗaya ya harba ko da biyu? Ranar da na sauka aka ce mace ce, aka yi ta barka. Ni kuwa sai na buɗe zanen, na kama 'yan dugaduganta, na matsa, na ga duka biyun sun janye. Babu abin da ya same ta. Yau watanta goma, babu abin da ya same ta, alhamdu lillahi. Amma kullum in na yi mata wanka sai na auna cinyoyinta da yatsuna, ko ɗaya ta fi ɗaya. Maigidana ya ce wata rana zan tsinke mata su don tsabar dubawa. Bai san daga inda abin ya fito ba. Ke da kike karantawa, bari in gaya miki.

A Ƙofar Dundaye na tashi, a gidan rundawa, wato mahauta. Babana da ƙannensa suna fita mayanka da an sallame asuba, ba mu ƙara ganinsu sai rana ta karya. Gidan kullum da ƙamshin kitse da warin fata, kuma akwai raguna biyu ko uku da ake kiwo a bayan ɗakin girki. Wadda ke riƙe da gidan da rana ita ce kakata, uwar babana. Ɗakinta na kusa da zaure, ba mai shiga ba mai fita ba ta ji takunsa ba. Uwata mace ce mai kunya, a gaban Kaka ko tari ba ta yi da ƙarfi.

A tsakar gidan akwai famfo. Ni dai ban taɓa ganin ruwa ya fito daga bakinsa ba, a jikinsa muke ɗaure akuya. Kaka ta ce ranar da aka kawo shi unguwar har da kiɗa da manyan riguna, aka ce daga yau kowane gida a ƙasar nan ya rabu da ƙishirwa. Ya yi ruwa na ɗan lokaci, ya koma tari, ya yi shiru. Da bazara, lokacin da ƙasa ke ƙona tafin ƙafa tun hantsi, mu yara muke tsayawa bakin ƙofa muna leƙen mai ruwa da kurarsa. Da damina kuma kwatar bayan gida ta cika ta shigo mana, sauro ya biyo ta. Ba wanda ya taɓa zuwa ya tambaye mu yaya muke yi.

Sai masu ɗigo. Su kam suna zuwa. Mata uku ne da hijabi, ɗaya da akwati mai ƙanƙara a kafaɗa, ɗaya da takarda, ɗaya da alli, sai mutumin mai unguwa da ke tsayawa a waje. Sukan ɗiga wa ƙananan yara magani sau biyu a baki don kada shan inna ya kama su, sannan su shafa wa yaro alama mai duhu a farcen ƙaramin yatsan hagu. Yaron da ke da alama an gama da shi, ko wasu suka same shi a hanya ba za su sake ba. In za su tafi su yi rubutu da alli a bangon ƙofa. Kafin ruwan sama ya wanke wancan rubutun, sun dawo sun yi wani. Babu lungun da ba su sani ba. Har gidan wata tsohuwa da ke bayan juji, wanda ko mai tallan fura ba ta kaiwa can, akwai allinsu a bango.

Wannan ne ya tsaya wa Kaka a rai.

"Ashe sun san ƙofarmu," in ji ta. "To mi ya hana su biyo ta da ruwa? Kakanku ya kwanta asibiti, ko audugar da aka goge mashi hannu sai da muka sawo. Wanga kuwa kyauta, har gida, har da alawa. Mi suka nema?"

Kada ki ɗauka Kaka ba ta yarda da magani ba. A dantsenta na hagu akwai tabo kamar kwabo, takan ja mayafi ta nuna mana. Lamba ce, ta zamanin agana. Ta ce a lokacin cutar na shiga gida ta fita da yara uku, wanda ya tsira kuma fuska ta lalace. Aka tara su a ƙofar hakimi, aka yi wa kowa sau ɗaya, kuma agana ta tafi, ba ta dawo ba. Wannan ita ce gwamnati a wurin Kaka: ta faɗi abu, ta yi, ta koma gida. "Waɗanga kuwa kowane wata suna tafe. Maganin da ba shi ƙarewa, ba magani ba ne."

Ba ta yin faɗa da su. Wasu gidajen kan rufe ƙofa, ko a tura yara ƙarƙashin gado, mai unguwa ya zo a yi ta ka-ce-na-ce. Kaka ta ce wannan aikin marasa dabara ne. A kan katangar ragunanmu akwai 'yar kwalba ta shuɗin maganin nan da ake shafa wa dabba in ta ji rauni. Launinsa da na alamar masu ɗigo kusan ɗaya ne, in ya bushe sai mai ido sosai zai bambance. Da an ji mai shela ya ce gobe masu ɗigo za su fito, sai Kaka ta sa a jera mata yaran gidan da safe, ta tsoma tsinken tsintsiya a kwalba, ta shafa wa kowa a farce. In matan suka yi sallama ta tare su da fara'a, har ta sa a kawo musu ruwan da muka saya.

"Sannunku da rana, ɗiyana. Ai 'yan'uwanku sun riga ku, a bakin masallaci suka same su."

Su duba yatsu, su rubuta a takarda, su yi alli a bango, su yi godiya. Kaka ta raka su har zaure.

Ina da shekara tara hannun Kaka ya fara rawa. Rannan ta shafa wa wani ɗan baffana, shuɗin ya zubo har tafin hannu, sai da aka goge da toka aka sake. Sai ta miƙo mini tsinken. Ni kuwa na lura da abin da ita ba ta lura ba: matan ba farce kaɗai suke shafawa ba, suna ɗan haurawa kan fatar da ke gindinsa. Haka na yi. Kaka ta ɗaga yatsan yaron ta duba a rana, ta yi dariya har ta nuna dasashi.

"Wagga ɗiya ta fi su iyawa. Su ɗauke ki aiki mana."

Na ji daɗi ƙwarai. Ba a cika yabona a gidan ba. Daga nan aikin ya zama nawa, kuma wadda na fi yi wa da kyau ita ce ƙanwata, don ita ba ta fizge hannu. Shekararta biyu, ta iya gudu, tana bin raguna tana kama musu wutsiya. In na ce kawo yatsa sai ta miƙo, ta hura masa iska da kanta don ya bushe. Uwata tana kallo daga bakin murhu. Sau ɗaya na ga ta buɗe baki, sai ta mayar da ido kan tukunya.

Cikin damina zazzaɓi ya kama ƙanwata. Muka ce na sauro ne, don kowa ya yi shi a shekarar. Kwana uku jiki ya yi sanyi. Da safe uwata ta tsayar da ita za ta ɗaura mata zane, sai yarinya ta zube. Ta sake tsayar da ita, ta sake zubewa, tana dariya, ta ɗauka wasa ne. Ƙafar dama ta zama kamar tsumman da aka jiƙa.

Bayan an kai ta asibiti, wasu mutane suka zo gidanmu da farar mota. Ba matan da muka saba gani ba ne, waɗannan da takalma masu tsabta. Babbansu ya durƙusa ya taɓa ƙafar a hankali, ya tambayi uwata ko ana ɗiga mata magani. Kafin ta ɗago kai Kaka ta amsa.

"Kowane zuwa. Ku duba takardunku."

Suka duba, haka ne. Ga sunan gidan, ga adadin yara, ba zuwan da aka tsallake. Mutumin ya daɗe yana kallon takardar, ya kalli yarinyar, ya girgiza kai kamar wanda aka ce masa gidansa ya rushe. Ina tsaye jikin famfo, hannuwana a baya, don shuɗin bai gama fita daga ƙarƙashin farcena ba. Ba wanda ya tambaye ni komai.

Kaka ta ce Inna ce ta sha ƙafar, iskar da ba a ambatonta da ƙarfi. Ta kuma ce, "Ga shi nan, sun yi ta zuwa, mi suka hana?" Na rasa yadda take iya faɗin haka alhali ta sani. Amma ita ce ta goya yarinyar ta zaga da ita wurin masu magani, ita ce kullum da hantsi take zaunar da ita a rana tana murza ƙafar da man shanu da hannunta mai rawa, har shekarar da ta rasu. Allah ya jiƙanta. Ban iya jin haushinta yadda ya kamata ba, kuma ban iya yafe wa kaina ba. Ƙanwata tana nan, tana ɗinkin hula, ta fi ni baki da fara'a. In ta zo gidana da sandarta ta gan ni ina matsa ƙafar jaririya sai ta ce, "Yaya, bar ta haka nan, gurguwa ɗaya ta ishe ku ado." Ban taɓa gaya mata ba.

Yanzu ina Mabera, gidan haya. Ina amarya aka yi ta shela a rediyo cewa ƙasarmu ta kori shan inna, manya suna taya juna murna, ana cewa ga shaida, in mun sa kanmu babu abin da zai gagare mu. Ina son in yarda. Da gaske yaran da ke jan gindi a titi sun ragu, idona ya gani. Amma duk sanda aka faɗi yawan yaran da aka yi wa ɗigo, sai in tuna ni da ƙanwata muna cikin lissafin. Ban yi boko mai nisa ba, a aji huɗu na tsaya, amma na san yadda aka samu wancan adadin a gida ɗaya, don da hannuna aka rubuta shi. Gida nawa ne ke da kwalba a kan katanga? Kuma famfon gidan da nake yanzu, shi ma igiyar shanya muke ɗaurawa a jikinsa.

Watan da ya wuce masu ɗigo suka yi mini sallama. Na fito da ɗiyata a kafaɗa, rabin zuciyata muryar Kaka ce. Na tambayi mai akwatin, ba an ce an kori cutar ba? Ta ce akwai ragowa. Yarinya ce ƙarama, ba ta kai ni ba, gumi ya jiƙa mata hijabi, leɓenta ya bushe. Ta ga na tsaya ina juya ɗiyata daga wannan kafaɗa zuwa waccan, sai ta waiga ta ga abokan aikinta sun shiga gidan maƙwabta. Ta matso ta rage murya.

"Hajiya, in maigida ba shi so, ba sai an yi rigima ba. Kawo yatsan in shafa mata, mu wuce."

Har ta cire murfin abin shafawar. Na kalle ta. Abin da muke ɓoyewa a bayan ɗakin girki, yau ga shi an kawo mini har ƙofa, kuma a hannun wadda aka aiko.

Na ce, "Gida nawa kika yi wa haka yau?"

Ta ce, "Wallahi rana ta yi, kuma in ba mu cika takarda ba faɗa za a yi muna."

Na ce ta buɗe akwatin. Na sa hannu na taɓa, da sauran sanyi, ko da yake ƙanƙarar ta fara zama ruwa. Ban san ko hakan ya isa ba, ban san abin da ke rubuce jikin kwalbar maganin ba, kuma har yanzu ban san dalilin da ya sa wannan kaɗai ake kawo mana har gida ba. Amma na san abin da ɗaya hanyar ke haifarwa. Na dunƙule hannun ɗiyata cikin nawa, na matse mata kumatu da kaina. Ɗigo ɗaya ya shiga. Na biyun ya zame a leɓe, na ce a sake. Ta sake. Sannan na saki yatsan.

Ban ce ki yarda da gwamnati ba, ni ma ban yarda da ita ba. Ki tambaye su ruwa, ki tambaye su maganin zazzaɓi, ki tambaye su duk abin da ke ranki, haƙƙinki ne. Abu ɗaya nake roƙonki. In sun zo ƙofarki, kada ki aiko yaro da wani, ki fito da shi da kanki. Ki riƙe hannunsa na hagu a rufe har sai kin ga maganin ya shiga bakinsa da idonki. Ki ƙirga, biyu ne.