Abin da Ke Shan Batirin Motar Baba

Duk abin da zan manta a duniya, ban da wata Laraba da na kai motar mahaifinmu wajen mai rewaya, wato mai gyaran wutar mota, a Gumel.

Bayan rasuwarsa motar ta dawo hannuna, ni autansa. Tsohuwa ce tukuf, amma in ka shiga ƙamshin turarensa ne zai tare ka. Sai ta tsiro da wani hali: in ajiye ta lafiya lau, da safe in murɗa makulli ta yi min shiru. Na sa sabon batir, kwana uku ya bi sahun tsohon. Maƙwabta suka gaji da turi, har ta kai in sun hango ni da makulli sai kowa ya tuna yana da uzuri.

Yayana ya gaji shi ma. "Alhamis zan kai ta Maigatari, masu sayen tsohon ƙarfe su yanka ta," in ji shi. Wallahi ji na yi kamar za a sake yi mana rasuwa.

Mai rewayar dattijo ne marar gaggawa. Ya zare waya ɗaya daga kan batir, ya haɗa ɗan ƙwan fitila a tsakani. Makulli yana aljihuna, amma ƙwan ya kama.

"Ka gani, Malam? Motar a kashe take, amma wani abu yana shan wuta a ciki."

Ya shiga cire fis ɗaya bayan ɗaya, ni kuma ina zaune a inuwar dalbejiya, ido a kan ƙwan, hankalina ya tafi hanyar gonarmu ta Gagarawa, gero yana wucewa ta taga, Baba yana tuƙi da hannu ɗaya. Fis suka ƙare, ƙwan bai mutu ba.

Dattijon ya bi wata siririyar waya daga batir har bayan rediyon kaset. Ashe Baba ne ya sa aka ja ta kai tsaye, don ya riƙa saurare a gona mota a kashe. Wayar sifikar ce ta tsinke, ni kuma ranar da na fara wanke motar na murɗa rediyon, na ji shiru, na bar shi a kunne. Tun daga ranar kaset ke juyawa ba mai ji.

Dattijon ya ɗaure wayar sifikar. Sai muryar Baba ta cika motar. Haddarsa yake karantawa a hankali, yadda ya saba ɗauka a kaset don ya saurara ya gyara kurakuransa. Can ya yi tari ya ce, "Auta, miƙo min ruwa." Sai da na zabura zan tashi.

Da la'asar na zaunar da yayana a kujerar gaba na kunna masa. Ya saurara har ƙarshe, ya share fuska da hularsa.

"Gobe da ita za ka kai ni gona," ya ce.

Tun ranar na daina saurin cewa abu ya mutu don kawai ya yi shiru. Sai na bincika tukuna.