Mahaucin Buza da Ɓargonsa

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, 9 ga Oktoba 2024, bayan La'asar, aka kira ni daga Buza cewa kai, yayana Halidu mahauci, ka rasu.

Ban san mai yawan tambaya irinka ba. Ko a Yamai, inda aka haɗa maka magunguna biyu na ciwon daji cikin ƙarin ruwa, sai da ka tsare likita: "Mi ya hana a ba ni guda-guda?" Ya ce haɗin ya fi karya ciwon, amma duka biyun suna taɓa ɓargo, kuma a ɓargo ake yin jini. Wajen kwana goma bayan maganin, ƙwayoyin jinin da ke tsare jiki za su ragu sosai, har mura ta iya kayar da mutum. Don haka ka guji taro.

Maimakon tsoro, mamaki ya kama ka. "Shekara talatin ina hwasa ƙashi," in ji ka, "ashe ɓargo ka yin jini!" Da ka dawo gida ka sa aka fasa ƙashin maraƙi da na tsohuwar saniya, ka ga ɓargon maraƙin ja, na saniyar rawaya, ka yini kana nuna wa mutane. Matarka Zulaihatu ta riƙa dafa maka romon ƙashi, kana sha kana zolayarta, wai ta ina ɓargon saniya zai san hanyar naka.

Sai masu dubiya suka taso. Talatin a rana, yawancinsu waɗanda ka sha ƙara wa tsoka a kan awo. Zulaihatu ta so rufe ƙofa, ka ce ba a korar mai gaisuwa. Kowa ka ba shi hannu.

Ni ma na zo daga Babankatami a rana ta tara bayan maganin, da ɗan tarin da ban ɗauka komai ba. Muka ci tuwo akushi ɗaya. Bayan kwana biyu zazzaɓi ya rufe ka, ba ka tashi ba.

Yau ni ke da tambaya, Yaya: ko tarina ne ka ɗauka? Likita ya ce ba mai iya amsa mini. Na san ajali ne. Duk da haka ina kwana da ita.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka, Ya ba Zulaihatu da Kabiru da sauran ɗiyanka haƙuri. In hannuna ne, Yaya, ka yafe mini.