Lamatu Bake Saka, Mai Ɗakin Farkawa na Suruparu

Haihuwa da asali

A daminar shekarar 1955, a garin Suruparu da ke ƙasar Bargu, arewacin Dahome wadda yau ake kira Jamhuriyar Benin, Allah Ya azurta Saka Tamu, manomin doya da auduga, da mai ɗakinsa Dado Kora, mai sayar da cuku, da 'ya mace ta uku. Ranar suna liman ya raɗa mata Lamatu, amma da yake ita ce ta uku a mata, Bake kowa ya kira ta har ƙarshen rayuwarta, sunan da Bargawa ke ba 'ya mace ta uku. Ta tashi a kan tarbiyyar da dukanmu Bargawa muka tashi a kai, wato ciwo ba abin faɗa ba ne. Mace ta haihu ba a ji ko nishinta ba, yaro a yi masa kaciya yana kallon wanzami ido cikin ido, wanda kuwa ya yi raki ya ja wa danginsa abin gori har jikoki.

Karatu

An sa ta makarantar firamare a 1962, duk da adawar ƙanwar mahaifinta, Gwaggo Buyon, mace mai kaifin harshe wadda ko maigari ba ya son haɗa hanya da ita. Ta yi sakandare a Faraku, kuma a can ta shiga makarantar koyon aikin jinya a 1975.

Rasuwar mahaifinta

A 1977, tana gida hutu, ƙaba ta murɗe wa mahaifinta, aka kai shi wani ƙaramin asibiti da ke kusa, aka yi masa tiyata. Allurar da aka sa shi barci da ita ketamin ce, domin ita kaɗai ake iya amfani da ita a inda babu wuta babu iskar taimakon numfashi. Aibinta shi ne wasu in suna farkawa sai su shiga sambatu da ihu, ba sa sanin abin da suke faɗa. Saka Tamu, dattijon da ba a taɓa jin ya ce wash ba, ya farka a tsakiyar babban ɗakin majinyata yana kuka yana kiran uwarsa, ga surukai ga maƙwabta cike da ɗakin.

Gwaggo Buyon ta tare ma'aikacin jinya a bakin ƙofa. "Malam, don girman Allah rufa mana asiri. Ka ji abin da yayana ke yi a gaban surukansa? Yi masa wadda za ta sa ya yi shiru."

Ma'aikacin ya ɗauka zafin yanka ne, ya yi masa cikakkiyar allurar mofin mai kashe zafi, ya ƙara da ta kwantar da hankali, alhali ketamin ba ta gama sakinsa ba. Dattijo ya yi tsit. Dangi suka yi ajiyar zuciya, har wani yana cewa, "Yawwa, yanzu Saka ya dawo Saka." Bake ma tana zaune, ita ma ta ji daɗin shirun. Magungunan nan suka taru suka danne masa numfashi yana ta raguwa, ba wanda ya kalli ƙirjinsa, kafin la'asar rai ya yi halinsa. Sai da ta koma makaranta ta tambayi malaminta sannan ta gane abin da ya faru, kuma daga nan ta ƙudura cewa muddin tana aiki, ba majinyacin da za a sake yi wa allurar shiru don kunyar dangi.

Aure da ƙarin ilimi

Ta kammala a 1978, aka tura ta asibitin garinsu. A 1980 aka ɗaura aurenta da Bio Mora, malamin dabbobi, mutum mai barkwanci wanda yakan ce shi da matarsa sana'a ɗaya suke yi, don majinyatansu duka ba sa faɗin inda ke musu ciwo. A 1984 ta bar masa yara biyu ta tafi Kwatano koyon aikin sa barci a tiyata, ta dawo a 1986.

Ɗakin farkawa

Da dawowarta ta nemi a ba ta wani ɗakin ajiyar tarkace da ke jikin ɗakin tiyata, ta share shi, ta sa gado biyu. Hujjarta ita ce kunya sai da 'yan kallo. Duk wanda aka yi wa aiki nan zai farka, ƙofa a rufe, daga ita sai mutum ɗaya da shi majinyacin ya zaɓa, kuma abin da aka ji a ciki a ciki zai tsaya. Ba ta yin mofin sai mutum ya dawo hayyacinsa ya amsa sunansa, sannan ta ba shi kaɗan kaɗan, ba duka a lokaci guda ba. Ɗan rakiya kuwa aikinsa ɗaya: ya zuba wa ƙirjin majinyaci ido, in ya ga numfashi ya yi nisa ko ya ji minshari mai nauyi, ya ƙwalla mata kira.

Ba a karɓi abin hannu biyu ba. Gari ya riga ya sa wa ketamin suna allurar tonon asiri, aka kuma ce 'yar Saka ta gina ɗakin da take tara sirrin mutane. Manya da dama suka gwammace su mutu da ƙabarsu a gida, wasu suka tafi asibitocin da za a yi musu yadda dangi ke so. Wannan ya dame ta ƙwarai, har ta rame.

A 1990 ƙari ya fito wa Gwaggo Buyon a ciki, likita ya ce sai an yanka. Tsohuwa ta ce atafau. Bake ta je har gida ta durƙusa.

"Ke 'yar nan, ni za ki kwantar ki ji abin da ke cikina? Na haifi tara ko tari ban yi ba."

"Gwaggo, ai abin da ke cikinki kullum a bakinki yake. Me ya rage da gari bai ji ba?"

"Ji mara kunya! To in na yi ihu fa?"

"Ki yi. Ihun nan shi ke gaya mini kina numfashi. Shirun Baba ne ya ba ni tsoro, kuma ban ji tsoron ba sai da lokaci ya wuce."

Ba su taɓa tayar da maganar ranar rasuwar Saka ba sai a wannan zama. Tsohuwa ta ce a kawo mata mayafinta su tafi asibiti.

An yi aiki lafiya. Abin da Gwaggo Buyon ta faɗa tana farkawa, Bake ba ta gaya wa kowa ba, amma mu da ke aiki a asibitin mun ji muryar ta bango, kuma dai ba salati ba ne. Washegari Gwaggo ta tambayi Bake me ta ce, Bake ta ce ta manta. Tsohuwa ta bi ta da harara, ta aika jikoki su bugi cikin Bake, har Bio Mora ta sa ya gwada, ba wanda ya samo ko kalma. Da ta tabbatar asirinta a rufe yake, sai ga ta ranar kasuwa tana ɗaga riga tana nuna wa mata ɗinkin. "Ku je ku yi haukarku a ɗakin Bake, bakinta ya fi tukunyar da aka liƙe." Kafin kaka ta zagayo, gado biyu sun kasa.

Shekarun ƙwarewa

Daga 2004, bayan wani kwas da ta halarta, ta fara aiki da ɗaya fuskar haɗin magungunan nan biyu. Ketamin 'yar mitsitsiya, wadda ba ta kai ta sa barci ba, in aka haɗa ta da mofin tana rage yawan mofin da jiki ke nema, sai zafi ya kwanta, numfashi bai taɓu sosai ba, amai ma ya ragu. Wannan ya yi amfani musamman ga samari 'yan acaɓa da 'yan ƙwadagon auduga waɗanda shan tiramol ya sa mofin ba ya kama su. Duk da haka ba ta sassauta dokar kallon ƙirji ba, tana cewa magani biyu masu sa barci ba a barinsu su kaɗai da mutum. Ta horar da ma'aikata da dama, asibitocin maƙwabta uku suka buɗe irin ɗakinta, ta yi ritaya a 2013.

Jinya da rasuwa

A 2020 aka yi mata aikin hanji a asibitin da ta yi wa hidima. Abin mamaki, da ta farka aka tambaye ta ko tana jin zafi, sai ta ce lafiya lau, ga gumi na keto mata, ta damƙe ƙarfen gado. Babbar 'yarta Yon, wadda ta zaɓa ta zauna da ita, ta riƙe haɓa.

"Inna, har ke? Shekara nawa kina yi wa mutane faɗa!"

Bake ta yi murmushin ƙarfin hali. "To uwata, na ji. Yana cina kamar wuta. Kira su."

Ta warke ta yi shekara uku tana lallaɓa lambunta. Allah Ya karɓi ranta ranar wata Alhamis a watan Yuni na 2023, tana da shekara sittin da takwas. Aka yi mata sutura a gidan mijinta, aka sallace ta bayan azahar, aka kai ta makwancinta a maƙabartar gabas da gari. Taron ya ba liman mamaki, don rabin masu sallar ba dangi ba ne, mutanen da suka taɓa farkawa a hannunta ne. Wani tsohon maharbi ya tsaya a bakin kabari bayan an watse, hawaye na zuba bai ɓoye ba, ya ce wa Bio Mora, "Na faɗi wani abu a ɗakin nan, ni ban san mene ne ba, ita ta sani. Shekara ashirin muna gaisawa a kasuwa, ko a idonta ban taɓa gani ba."

Ta rasu ta bar mijinta da 'ya'ya huɗu: Woru, malamin gona a Kandi, Yon, 'yar kasuwa a Faraku, Sabi, direban motar auduga, da autarsu Bona, wadda ta gaji aikin sa barci, sai jikoki goma sha ɗaya. Allah Ya yi mata rahama, Ya rufa mata asiri gobe ƙiyama yadda ta rufa wa bayinSa.